Farantin Ƙarƙashin Inji: Gyara Yake Buƙata a Ƙasar Yashi

Da dama daga cikin ƙananan motocin da ke zirga-zirga a jihar Maraɗi sun ci ƙuruciyarsu ne a titunan Beljiyam, Jamus, Holand da Faransa, sai da suka manyanta aka loda su a jirgin ruwa, galibi daga tashar Antwerp, aka sauke su a Kwatano ko Lome. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsoffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da wani faffaɗan faranti na roba mai tauri da aka ɗaura a ƙarƙashin inji, daga gindin bamba zuwa wajen giya. Muddin mota tana kan kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta bi Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram, ba wanda yake tunawa da shi. Ranar da ta sauka ta nufi kasuwar wani ƙauye a Sarkin Hausa ko Kanambakashe ko Urafan, shi ne farkon abin da ke gaisawa da ƙasa. Yana kwasar yashi, ya yi nauyi, ya saki, ya shiga jan ƙasa, daga nan sai a kwance shi a wurgar a bayan gareji. Wannan al'ada ta zama ruwan dare har ana ganin ita ce hikima. Hujjoji kuwa suna nuna cewa asara ce, domin motar ƙasar yashi ta fi motar Turai bukatar wannan kariya, sai dai tana bukatarta da kulawar da ta dace da hanyoyinmu.

Kafin a yanke wa faranti hukunci ya kamata a san aikin da aka ɗora masa. Ɗakin inji a buɗe yake ta ƙasa, kuma tayoyin gaba suna watsa duk abin da suka taka zuwa sama da baya. A can ƙasan akwai fanbel da ƙafafun da yake zagayawa a kai, akwai altaneta mai cajin batir, akwai wayoyi da mahaɗansu, akwai kaskon baƙin mai, wanda a motoci da yawa na zamani na alminiyam ne ko siririn ƙarfe. Faranti yana tare ruwa da tsakuwa da datti kada su isa ga waɗannan. Yana kuma daidaita iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota don kada ta riƙa tokare ta, abin da ke ɗan rage shan mai a doguwar tafiya, sannan yana rage ƙarar inji. A wasu motocin yana da hannu a sanyaya inji, saboda yana hana iskar ƙasa cika ɗakin inji ta bayan lagireto, ta yadda iskar gaba za ta samu hanyar ratsa lagireton ta wuce. Kamfanin da ke ƙera motoci dubbai yana lissafin kowace kusa, da faranti bai da amfani da tuni ya daina kashe kuɗi a kansa.

A ƙasashen da motocin suka fito ma farantin yana da tasa damuwar. Idan dusar ƙanƙara ta sauka, hukumomi suna barbaɗa gishiri a titi don ta narke, sai ta zama wani ruwa mai kauri da tayoyi ke cusawa cikin faranti. Da dare ya yi sanyi ya tsananta sai ta daskare, nauyinta ya fizge maƙalan roba, gishirin kuma ya ci kusoshi da tsatsa. Maganinsu shi ne su shigar da mota wuri mai ɗumi ƙanƙarar ta narke, su wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, su sauya maƙalan da suka karye. Namu ya fi nasu wuya ta fuska biyu. Ta farko nauyi: litar ƙanƙara daskararriya ba ta cika kilo guda ba, alhali litar busasshen yashi ta kai kilo ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe kuwa ya kusa kilo biyu. Farantin da tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa santimita 70, idan yashi mai kaurin santimita 2 kacal ya kwanta a kansa ya ɗauki lita 14 ke nan, wato sama da kilo 20 a bushe, fiye da rabin buhun siminti idan ya jiƙe, duk a rataye da ƴan maƙalan roba da tsufa ya riga ya busar. Ta biyu, ƙanƙara tana narkewa ta tafi da kanta, yashi kuwa yana nan har sai hannu ya fitar da shi. Saboda haka abin da yanayi ke yi wa Bature kyauta, a nan dole mai mota ya sa shi cikin ayyukansa.

Yadda yashin ke shiga ma yana da bayani a ƙasar kanta. Yankin Mayahi da arewacin Tasawa jigawa ce, ga kuma kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa da gorubarsa, inda rairayi ke da zurfi da laushi. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni manyan motoci da amalanken shanu ne suka share su, sun haƙa kwari biyu inda ƙafafu ke bi, suka bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota irin Corolla ko Avensis tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa ba ta wuce kamar santimita 15 ba, kuma wannan a lokacin da ba ta ɗauke da kowa. Idan aka cika ta da mutane, aka ɗaure buhunan gero da wake a but, sai ta ƙara yin ƙasa, cikinta ya riƙa shafar tudun nan. In gaban faranti ya ɗan saki, ko da maƙali biyu ne suka fita, bakinsa sai ya buɗe ya shiga ɗibar yashi a kowane taku. Kowane lokaci na shekara kuma da irin nasa kaya. Da rani busasshen yashi ne, da hunturu ƙura mai laushi da ke manne wa duk inda mai ya taɓa, daga Yuni zuwa Satumba laka da taɓon fadama waɗanda ke bushewa su yi tauri, da kaka kuma busasshiyar ciyawa da ƙarangiya da guntayen kara. Lura da wannan yana nuna cewa lafiyayyen faranti da ke ɗaure tsaf yana zamewa ne a kan tudu, wanda ya saki shi ke tara kaya. Laifin da ake ɗora wa faranti galibi na maƙalan da suka ɓace ne.

Idan aka cire shi gaba ɗaya, yashin da yake tarewa bai fasa zuwa ba, wurin saukarsa kawai ya sauya. Ƙwayar yashi ta fi alminiyam da ƙarfen gama-gari tauri, shi ya sa ake goge ƙarfe da ita. Idan ta shiga tsakanin fanbel da ƙafafunsa tana cin su a hankali har bel ya fara kuka ya tsinke, kuma a motocin da bel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa, tsinkewarsa na nufin batir ya daina caji inji kuma ya yi zafi a lokaci guda. Altaneta da kanta tana zuƙar iska don ta huce, duk ƙurar da ke wurin cikinta take wucewa. Kututturen kalgo ko sabara da aka sare a bakin gona yana iya yage robar kardan, man cikinta ya zube yashi ya maye gurbinsa. Da damina ruwan da taya ta watsa yana jiƙa mahaɗan wayoyi, mota ta riƙa mutuwa ba a san dalili ba. Gaskiya ne farantin roba ba zai tare babban dutse daga fasa kaskon baƙin mai ba, amma yana karɓar gogayyar yau da kullum da tsakuwar hanyar burji, kuma ƙararsa ita ke fara sanar da direba cewa ciki ya taɓa ƙasa. Matsalar ita ce wannan ɓarna ba ta bayyana ranar da aka cire faranti, sai bayan watanni, lokacin da ba wanda zai danganta mutuwar altaneta da robar da aka yar tun bara.

Babbar hujjar masu cirewa ita ce zafi. Suna cewa an yi faranti ne don ƙasar sanyi, a nan kuwa inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, rufe ƙasan inji toshe masa numfashi ne. Maganar tana da kamar gaskiya, amma ba haka inji ke hucewa ba. Babban kaso na zafinsa ruwa ne ke kwasa ya kai lagireto, fanka da iskar gaba su ɗauke, wani kaso mai yawa kuma ya fita ta salansa. An tsara inji ya yi aiki ruwansa yana wajen digiri 90, ko a Jamus yake ko a Mayahi, kuma kamfanonin suna sayar da motoci masu irin wannan faranti a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda zafi bai gaza namu ba. Motar da ke tafasa a hanyar Korgom, idan aka bincika, yawanci za a tarar ƙura da ciyawa sun toshe lagireto, ko fanka ta mutu, ko murfin lagireto ya lalace, ko an daɗe ana zuba ruwan rijiya har gishirinsa ya toshe bututu. Inda hujjar zafi take da ƙarfi shi ne idan laka ta cika faranti ta rungume kaskon baƙin mai, ta toshe ramukan da aka bari don iska. A nan lallai mai zai ƙara zafi. Amma wannan hujja ce ta wankewa. Mutum ba ya jefar da takalminsa ya taka ƙaya don yashi ya shiga ciki, zazzagewa yake yi ya mayar.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Faranti yana ɓoye yoyo. Direban da ya saba duba ƙasa da safe ya ga ko mai ya ɗiga ba zai ga komai ba, domin yashin da ke kan faranti ya shanye, har sai mai ya yi ƙasa sosai. Wannan haɗari ne na gaske, amma maganinsa yana hannun direba: zaro sandar awon mai kowace safiya kafin a tada inji, da duba ruwa, abin da ya kamata a yi ko da faranti ko babu. Hasali ma idan aka sauke faranti, tabon da ke jikinsa yana nuna daidai inda yoyon ya fito da irinsa, baƙin mai ne ko man giya ko ruwan lagireto. A gefen wannan akwai dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, wato wahalar makanike. Kwance kusoshi goma da tsatsar gishirin Turai ta cinye, a kwance cikin yashi ba rami, don juye mai kawai, aiki ne da ba a biyansa dabam, shi ya sa sau da yawa faranti ke sauka ba ya komawa. Adalci shi ne mai mota ya san cewa wannan ƙarin aiki ne ya biya shi, ya kuma tsaya ya ga an mayar. Inda aka yanke ƴar ƙofa daidai wurin kusar juye mai da matatarsa, wahalar ma ta ragu sosai.

Wasu kuma suna kafa hujja da tsoffin motoci, suna cewa Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da Land Rover, da tsoffin Hiace sun shekara da shekaru suna ratsa wannan jigawa ba su san wata roba a ciki ba. Haka ne, sai dai gininsu dabam ne. Sun fi tsayi daga ƙasa, kaskon mansu ƙarfe ne da ke lanƙwasa a buge shi ya miƙe, wayoyinsu kaɗan ne, injinsu a tsaye yake bel yana can gaba nesa da taya. Ƙaramar motar yau injinta a gicciye yake, bel da altaneta suna dab da tayar gaba, ga na'urorin awo masu aika saƙo ga kwamfutar mota a ko'ina. Abin lura kuma shi ne motocin da aka ƙera takanas don daji, irin su Land Cruiser da Hilux da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji ke shiga ƙauyuka da su, suna fitowa daga kamfani da kariya a ƙarƙashin inji, sau da yawa ma ta ƙarfe. Wato waɗanda suka fi kowa nazarin mummunar hanya ƙarfafa kariyar suka yi.

Akwai wuri ɗaya da cirewa ta zama dole, kuma faɗin sa bai rushe hujjar ba. Farantin da ya yage yana lilo ya fi rashinsa haɗari, domin yana iya naɗewa a taya, ko ya taɓa bel, ko ya jingina da salansa. Robar da ake yin sa da ita tana narkewa a wajen digiri 160, tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa kuwa tana haura digiri 400 a tafiyar yau da kullum. Idan ciyawar kaka ta taru a kusa da ita, ta haɗu da yashin da ya sha mai, an tara duk abin da gobara ke bukata, kuma a lokacin da amfanin gona ke tare a fili, dajin kiwo ya bushe, wutar ba a mota kaɗai za ta tsaya ba. Don haka direban da farantinsa ya yage a tsakiyar hanya ya kwance shi ya sa a but, idan ya isa gari ya gyara ko ya nemi wani. Ɗaure shi da igiyar leda ko tsumma kusa da salansa ganganci ne. Haka kuma kada wani ya ɗauka faranti lasisin shiga ruwa ne. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2024, wadda jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ya san yadda kwari ke cika cikin sa'a guda. Faranti fantsama kawai yake tarewa, idan ruwa ya kai bakin da inji ke shaƙar iska, inji ya tafi.

Kulawar da ake magana a kai ba ta da tsada. Duk lokacin juye mai a sauke faranti gaba ɗaya, a zazzage, a kankare lakar da ta bushe, a buɗe ramukan da ruwa ke zuba. Motar da ke cin kasuwannin ƙauye kowane mako ba za ta jira juye mai ba, yaron mota ya leƙa da sanda bayan kowace tafiya, musamman da kaka. Laka tun tana ɗanya ake wanke ta, kuma a bar inji ya huce tukuna, kada a harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye cikin altaneta ko mahaɗan wayoyi. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, balle a kan yashi inda jak ke nutsewa, sai a rami ko bisa abin tokare mai ƙarfi. Maƙalin da ya ɓace a maye gurbinsa nan take, gara ma da kusa da noti da faffaɗan washa, a shafa musu giris don su kwantu gobe. Mafi muhimmanci shi ne bakin gaba, dole ya shige ƙarƙashin leɓen bamba ya manne, domin ta nan ɗiba ke farawa. Ƴan ramuka a can baya inda faranti ya fi zurfi suna taimaka wa yashi da ruwa su zube da kansu. Al'adar shafa tsohon baƙin mai a ƙarƙashin mota don hana tsatsa kuwa a nan illa ce, domin yashi yake kamawa, yana kuma lalata roba.

Motar da aikinta kullum a jigawa ne, roba ba za ta daɗe mata ba, kuma a nan masu walda na Tasawa da Maraɗi suna da rawar takawa. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3 yana jure abin da roba ba ta jurewa, amma sai an yi shi da ilimi. A ɗaure shi da kusoshi a jikin ƙashin mota mai ƙarfi, kada a like shi da walda har ya gagara kwancewa, kada kuma ya taɓa inji ko kaskon mai, a bar tazarar kamar yatsa biyu domin inji yana motsi, kuma idan ƙarfe ya manne da kasko duk dukan da ya sha kaskon zai isar wa. A tanƙwara gabansa sama don ya riƙa zamewa, a huda masa ramukan iska da na zubar yashi, a nisanta shi da salansa. Ƙarfe mai kauri fiye da kima yana ƙara wa gaban mota nauyi ya rage tazarar da ake nema. Tuƙi ma yana da nasa rabo: ɗora ƙafa ɗaya a kan tudun tsakiya maimakon bin kwari biyu, rage iskar taya kaɗan a yashi mai zurfi a mayar idan an hau kwalta, da daina danna totur idan mota ta kafe, saboda juyawar taya a wuri ɗaya haƙa rami take yi har ciki ya zauna.

Lissafin ƙarshe na kuɗi ne da nisa. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, wadda kayan Kwatano ke bi, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya masu yawa suka koma bin doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso, kuma doguwar hanya mai saye ke biyanta. Altaneta ko kardan ko kaskon mai na wata motar sai an aika Maraɗi, wani lokaci har Ƙofar Ruwa a Kano, mota tana ajiye kwana da kwanaki ba ta kawo ko dala. Idan kuwa lalacewar ta faru a tsakiyar jigawa ne, da mara lafiya a ciki ana neman asibitin Mayahi, asarar ta wuce ta aljihu. A ɗaya gefen ma'aunin ba komai sai ƴan kusoshi, da ɗan lokacin wankewa, da ƙarin ladan makanike. Mai sayen mota ya leƙa ƙarƙashinta tun a wurin ciniki, ya ga ko faranti yana nan da irin tsatsar da ta zo da ita, ya sa hakan cikin farashi. Shugabannin tashoshi da manyan gareji, waɗanda yara ke koyon sana'a a hannunsu, su ne za su iya mayar da ɗaure faranti sharaɗin kammala aiki, kamar yadda ba a sallamar mota ba a ɗaure notin taya ba.